Tauraron ɗan'adam ko ma'aunin ƙasa: ina ya kamata mai ɗan kuɗi ya zuba su?

Duk hukumar jiha, ko ƙungiyar manoma, ko sashen jami'a da ya samu ɗan kuɗi don sa ido a kan ruwan sama da ambaliya da fari, tambaya ɗaya ce ke fara tare masa hanya. Ya sayi na'urori ya kakkafa a garuruwa ne, ko ya sayi kwamfuta da intanet ya horar da matasa su riƙa sauke bayanan taurarin ɗan'adam? Mai sayar da kowanne daga ciki zai rantse maka nasa ne mafita. Ni dai matsayina shi ne, abin da ke sama an riga an biya kuɗinsa, ƙasashen duniya sun yarda a raba shi kyauta, don haka kada ka kashe masa fiye da kuɗin koyon aiki da shi. Abin da ke ƙasa kuwa babu mai auna maka shi daga Turai ko Amurka. Sai dai akwai ayyukan da tauraro ya fi ma'auni nesa ba kusa ba, akwai kuma ma'aunin da idan aka kafa shi ba bisa ƙa'ida ba, gara rashinsa.

Yadda bayanan sama suka zama na kowa

Ba a rana ɗaya aka kai ga wannan ba. Iska da hadari ba su san iyakar ƙasa ba, shi ya sa tun 1963 ƙasashen da ke cikin Hukumar Yanayi ta Duniya, WMO, suka amince kowacce ta riƙa aika wa sauran abin da tashoshinta suka auna, sau da yawa a kowace rana, kuma ba su fasa ba har a tsakiyar yaƙin cacar baka. A 1984 hukumomin sararin samaniya suka kafa kwamitin CEOS, don su riƙa tsara abin da kowa zai harba, awon wannan kuma ya dace da na wancan. A 2005 aka kafa GEO mai ofishi a Geneva, wadda gwamnatoci fiye da 100 ke cikinta yanzu, aikinta shi ne haɗa bayanan sama da na ƙasa da na teku a ajiye inda kowa zai iya ɗauka.

Babban sauyin a 2008 ya zo. Tun 1972 Amurka ke harba taurarin Landsat, amma hotunansu na sayarwa ne, guda ɗaya yakan kai dala 600, kuɗin da ɗalibi a Zariya ko Yamai ba zai ma soma tunaninsu ba. A 2008 ɗin aka buɗe rumbun hotunan gaba ɗaya kyauta. Tarayyar Turai ta bi sahu da shirinta na Copernicus. Tauraron Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015, yana bambance fili mai faɗin mita 10, yana kuma dawowa kan wuri ɗaya duk kwana 5. Shi kuwa Meteosat, na hukumar EUMETSAT da ke Jamus, tsaye yake a nisan kilomita 36,000 a saman mashigin tekun Guinea, Afirka gaba ɗaya na gabansa, yana ɗaukar hoto duk minti 15. Sabon samfurinsa da aka harba a ƙarshen 2022 ya rage zuwa minti 10.

Nijeriya ma ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara da wasu biyu a 2011, kuma injiniyoyi sun koyi aiki ta wannan hanya. Amma wannan lissafin gwamnatin tarayya ne. Jiha ko ƙungiya ba ta da dalilin sayen hoton da za ta samu kyauta, sai a ɗan aikin da ke buƙatar a ga gida ɗaya-ɗaya ko bishiya ɗaya-ɗaya.

Ruwan sama, inda gardamar take

Abu na farko da ya kamata mai yanke shawara ya sani shi ne, Meteosat ba ya ganin ruwan sama. Saman gajimare yake gani, yana auna sanyinsa. Hadarin da ya taso ya yi tsawo sosai, samansa yakan yi sanyi har digiri 30 zuwa 60 ƙasa da sifili, sai a ƙirga awa nawa irin wannan gajimare ya yi a kan wuri, daga nan a ƙiyasta milimita nawa suka sauka. Da wannan dabara TAMSAT, shirin ƙiyasin ruwan sama na jami'ar Reading a Ingila, yake aiki, bayanansa sun faro daga 1983. CHIRPS na jami'ar California ya faro daga 1981, shi yana gauraya ƙiyasin tauraro da awon tashoshin ƙasa. Akwai taurarin da ke leƙa cikin gajimaren da radar, kamar GPM na Amurka da Japan da aka harba a 2014, amma su wucewa suke yi, ba sa tsayawa a kanka.

A yankin Sahel mun yi sa'a, domin yawancin ruwanmu daga manyan hadura ne masu tasowa daga gabas su nufi yamma, irin waɗanda tauraro ke gani sarai. Idan tambayarka ita ce ko daminar bana a jihar Katsina ko jihar Damagaram ta kai ta shekarun baya, tauraro zai ba ka amsa mai kyau, ya haɗa maka da tarihin shekara 40, har da dazuzzukan da ba a taɓa kafa ma'auni a cikinsu ba. Babu wata hukuma da za ta iya haɗa irin wannan da ma'aunai kaɗai.

Matsalar tana fitowa idan ka matso kusa. Daga ina ake sanin awa kaza na gajimare mai sanyi daidai yake da milimita kaza? Daga ma'aunan ƙasa. Da su ake gyara lissafin, kuma inda suka yi ƙaranci, lissafin wani yanki ake ara a ɗora wa naka. A farkon damina, lokacin da iskar ƙasa take bushe, ruwa yakan baro gajimare ya ƙafe a hanya bai taɓa ƙasa ba, tauraro ya rubuta an yi ruwa, manomi kuwa ko ƙamshin ƙasa bai ji ba. A kan duwatsu da bakin teku kuma akasin haka ne, gajimare marar tsawo yakan zubar da ruwa mai yawa tauraro ya raina shi. Sannan kowane ɗigo a taswirar TAMSAT ko CHIRPS fili ne mai tsawon kilomita 4 zuwa 5 a kowane gefe, lamba ɗaya ake ba shi gaba ɗayansa.

Kowa a karkara ya san ana ruwa a wannan ƙauye maƙwabcinsa na kallo. An ma auna wannan da kyau. Daga 1990 masu bincike na Nijar da Faransa suka kafa ma'aunai kimanin 100 a kewayen Yamai, a shirin da aka kira EPSAT-Niger. A daminar 1992 sun samu bambancin fiye da milimita 200 tsakanin wurare biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 10 ba. A ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba, wannan shi ne tsakanin cika rumbu da sayen hatsi tun kafin bazara.

Dubi maganar ruwan shuka. Ƙa'idar da masana aikin gona a Sahel suka daɗe suna amfani da ita ita ce a samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma kada a yi fiye da kwana 7 babu ruwa a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita. Kuskuren milimita 8 ba kome ba ne a lissafin shekara, amma a ranar da mutum zai yanke shawarar ko ya zuba irin geron da ya adana, ko wanda ya ciwo bashi ya saya, shi ne kome. Don haka wanda aikinsa ba manoma shawara gari-gari ne, ba shi da zaɓi sai ma'auni a garin.

Masu tunanin inshorar manoma su tsaya su yi nazarin abin da ya faru a Malawi. Tarayyar Afirka ta kafa hukumar ARC a 2012, wadda ke biyan ƙasa diyya idan lissafin da aka gina a kan ƙiyasin ruwa na tauraro ya nuna an yi fari. A farkon 2015 tsarin ya yi aiki, aka biya Nijar da Senegal da Mauritaniya kimanin dala miliyan 26. A 2016 kuwa fari ya afka wa Malawi, miliyoyin mutane na neman abinci, lissafin ya ce asarar ba ta kai a biya ba. Da aka shiga gonaki aka bincika, sai aka tarar an gina lissafin ne a kan masara mai daɗewa kafin ta nuna, alhali manoma sun koma mai saurin nuna, wadda yankewar ruwan ta same ta a lokaci mafi muni. Aka gyara, aka biya dala miliyan 8.1, amma bayan watanni. Tauraron bai yi ƙarya ba. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai je gona ya ga wane iri aka shuka.

Inda tauraro ba shi da abokin takara

Duk abin da faɗinsa ya fi ƙarfin ƙafa, a bar wa tauraro. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma bayan farin shekarun 1970 da 1980. Hotunan sama ne suka nuna wa duniya haka, su ne kuma suka nuna daga baya cewa tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba, yana cika yana ja da baya gwargwadon abin da kogin Chari ya kawo. A yau da rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga yawancin yankin, ba don tauraro ba da babu mai cewa kome.

Haka farin dango. Ofishin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke Roma yana duba inda ciyawa ta tsiro a hamadar Tamesna da Ayar bayan ruwa, ya gaya wa 'yan sintiri inda za su nufa, maimakon su ƙone mai suna yawo a cikin rairayi. Su kuma su ne masu tabbatar da ko akwai fara. Haka ƙurar hunturu da ke tashi daga kwarin Bodele a arewacin Chadi: Meteosat yana ganin tashinta tun kafin hazo ya rufe Kano. Ga ciyawar makiyaya, ga gobarar daji, ga yadda birni ke cinye fadama, duk na tauraro ne.

Amma ko a nan akwai darasin Maradi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma suka koma abin da ake kira sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara ya girma a gonaki maimakon a sare. Shekaru suka wuce ba a san girman abin ba, domin bishiyoyin a warwatse suke, ɗigon Landsat mai mita 30 ba ya rarrabe su. Sai da aka haɗa tsofaffin hotunan jirgin sama da hotuna masu kaifi da zagayen ƙafa a tsakiyar shekarun 2000, sannan aka gane ana maganar kadada kimanin miliyan 5 ne da bishiyoyi kusan miliyan 200.

Kogi da rijiya

A maganar ambaliya kowanne da ranarsa. Bayan ruwa ya ci gari, tauraro ke nuna iyakar ɓarnar. Tun shekarar 2000 akwai yarjejeniya tsakanin hukumomin sararin samaniya cewa idan bala'i ya auku za su juya taurarinsu kan wurin su ba masu agaji hotuna kyauta, kuma an sha amfani da ita a Nijeriya da Nijar da Chadi. Sentinel-1 mai radar yana ratsa gajimare, dare da rana. Sai dai yakan yi kwana 6 zuwa 12 kafin ya dawo kan wuri ɗaya. Madatsar Alau ta ɓalle ne cikin dare a watan Satumba na 2024, kafin wayewar gari ruwa ya shiga Maiduguri. A irin wannan, abin da ke ceton rai shi ne sandar awo a bakin ruwa da mutum mai waya da wanda zai ɗauki kiran.

Kogi ne ya fi nuna dalilin haɗin kan ƙasashe. Kogin Kwara yana cika sau biyu a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga wajen Burkina Faso cikin 'yan kwanaki. Shi ne a Satumban 2020 ya kai ma'aunin Yamai mita 7, tsawon da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awo a 1929. Akwai kuma ruwan da ya sauka a tsaunukan Guinea, ya ratsa fadamun Mali a hankali, sai wajen Disamba zuwa Fabrairu yake isowa. Wanda ke da awon Koulikoro da Mopti da Ansongo, garuruwan Mali da kogin ke ratsawa, yana da watanni na shiri. Don wannan aka kafa hukumar kogin mai ƙasashe 9, hedikwatarta a Yamai. A Binuwai kuma mutanen Yola da Makurdi da Lokoja suna buƙatar sanin ranar da za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kodayake a ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600, ruwan da ya sauka a cikin Nijeriya ma ya taka babbar rawa.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa a bar maganar tauraro. Taurarin shirin GRACE suna ganinsa, amma a kan fili mai ɗaruruwan kilomita. Da igiya da awon rijiyoyi aka gano cewa a kudu maso yammacin Nijar ruwan ƙasa ƙaruwa ya yi ta yi shekara da shekaru duk da fari, saboda sare daji ya sa ruwa na gangarawa tafkuna ya nutse.

Idan ƙasa ka zaɓa, wane ma'auni?

Nan ne kuɗi suka fi salwanta. Tasha mai sarrafa kanta tana da farin jini wajen masu ba da tallafi: tana auna ruwa da zafi da iska duk 'yan mintoci, ta aika ta layin waya. Kuɗinta dubban daloli ne. A cikinta akwai mazurari, ƙarƙashinsa ɗan cokali mai baki biyu da ke kifewa duk sanda ya tara kashi biyu cikin goma na milimita. Ƙurar rani ɗaya ta isa ta toshe mazurarin. Zanzaro yakan yi gini a ciki, gizo-gizo ya ɗaure cokalin, ƙura ta rufe farantin hasken rana, batir ya mutu ko ya yi ƙafa, kuɗin layi ya ƙare ba wanda ya lura. Mafi muni, na'urar da ta toshe ba ta cewa ta lalace, sifili take aikawa, mai karɓa a birni ya rubuta ba a yi ruwa ba.

Ma'aunin hannu kuwa gwangwani ne da mazurari da kwalba mai zane. A kafa shi a fili, nesa da bishiya da katanga, bakinsa a daidaice, a kewaye shi saboda awaki. Kowace safiya a lokaci ɗaya wani ya juye ya karanta ya rubuta, har ranar da ba a yi ruwa ba ya rubuta sifili, domin gurbi a littafi ba ya nufin babu ruwa. Rauninsa mutum ne: ranar kasuwa, ranar biki, watan da ba a biya alawus ba. Duk da haka, malamin makaranta ko malamin gona da aka girmama aikinsa, aka ba shi ɗan abin sayen kati, yakan riƙe ma'auni shekaru masu yawa. A Nijar an saba jin ana karanto milimitocin da aka samu gari-gari a kafofin labarai lokacin damina, kuma wannan kaɗai yana sa mai karatun ya san ana jiran lambarsa.

Da ni ne da kasafin ƙaramar hukuma ko ƙungiya, ma'aunan hannu masu yawa zan saya, da tasha mai sarrafa kanta ɗaya ko biyu a inda akwai mai gadi da mai gyara, in ajiye na hannu a gefen kowacce don a riƙa gwada su. Kuma ba zan sayi ko ɗaya ba sai na ware kuɗin kula da ita na shekara 5. Hukumar ba da agajin gaggawa ita ce ta fi buƙatar mai sarrafa kanta, a bakin kogi da madatsa, domin ita awa take ƙirgawa. Jami'a kuma ta fi ƙarfafa horo da intanet mai ƙarfi, ta ɗauki nauyin gwada ƙiyasin tauraro da ma'aunan yankinta ta faɗa wa jama'a wanne ya fi dacewa da su.

Awon da aka kulle a ofis

WMO ta ce yawan tashoshin Afirka kashi ɗaya ne cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata, kuma da yawa daga waɗanda ke akwai ba sa aika rahoto. Wannan giɓi yana rage ingancin hasashe a ko'ina, har a Turai da Amurka, domin guguwar da ke afka wa gaɓar Amurka sau da yawa daga hadarin Afirka ta Yamma take farawa. Shi ya sa a 2021 aka amince da tsarin GBON: tasha ɗaya aƙalla a kowane kilomita 200 mai aika rahoto duk awa, da tashar sakin balan-balan mai auna iskar sama a kowane kilomita 500, sau biyu a rana. Aka kuma kafa asusun SOFF don ƙasashe mafi ƙarancin ƙarfi, irin su Nijar da Chadi, wanda ke tallafa wa kula da tasha bisa sharaɗin bayananta na shiga tsarin duniya.

Na fahimci hukumomin da ke riƙe bayanansu suna sayarwa, kasafinsu bai isa ba. Amma lambar da ba ta fita ba, ba ta gyara CHIRPS, ba ta shiga hasashen da za a dawo mana da shi, ba ta isa cibiyar AGRHYMET ta Yamai da aka kafa a 1974 bayan babban fari, inda ake tattara bayanan damina na yankin. Dogaro kacokan a kan na waje ma yana da haɗari. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, shafin FEWS NET, wanda tun 1985 ake dogaro da shi wajen gargaɗin yunwa, ya rufe na tsawon watanni. Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar sayen kowace na'ura, je wurin hukumar yanayi ta ƙasarka, NiMet a Nijeriya ko takwararta a Nijar, su duba wurin da za ka kafa, su gwada na'urar, su sa ta a rajistarsu. A rubuta a yarjejeniyar cewa bayanan naku ne, za ku iya sauke su ba sai da izinin kamfani ba, ko da kwangila ta ƙare. Ka kuma tambayi tsofaffin ofisoshin gona na yankinku ko littattafan ruwan sama na shekarun baya suna nan. Garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram suna da awo tun farkon ƙarni na 20, shekaru da dama kafin a harba tauraro na farko, kuma a ƙananan garuruwa da yawa irin waɗannan littattafai na cikin kwali gara na ci. Ɗaukar hotonsu da shigar da lambobin a kwamfuta aikin ɗalibai biyu ne a hutu ɗaya, kuɗinsa bai kai na tasha guda ba.